In jira talabijin ɗin MicroLED ko in sayi wanda ke kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kallon ƙwallo, fulasmata mai inci 43 ta fara duhu a gefe guda. Na ga bidiyon wani sabon talabijin wai shi MicroLED, an ce ya fi OLED. In yi haƙuri in jira shi? Kuma nawa kake ganin zai kai? Daga wani mai gidan kallo a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka jira, 'yan kallonka za su watse kafin ya iso.

Kafin mu je can, da wuya abin da ke shagonka ya zama fulasma ta gaskiya. Mu ne muka laƙaba wa duk wani talabijin shafal wannan suna, amma Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera fulasma tun 2014. Naka LCD ne, mai jerin fitilun LED a bayan gilashi, kuma duhun nan galibi alama ce wasu fitilun sun mutu. Kai shi wurin mai gyara ya duba, sau da yawa jerin kawai ake canzawa.

MicroLED kuwa ba tatsuniya ba ce. Samsung ya nuna shi a baje kolin kayan lantarki na Las Vegas a 2018, mai inci 146, ya kira shi The Wall. Babu fitilar baya a cikinsa, kowane ɗigon hoto da kansa yake haskawa. Inda hoto yake baƙi ɗigon daina haskawa yake yi, baƙin ya fito wuluk. OLED ma haka yake aiki, sai dai sinadarinsa yana gajiya da daɗewa, shi kuwa MicroLED ya fi shi haske da juriya. Matsalar kuɗin ce. Da Samsung ya fito da mai inci 110 a ƙarshen 2020, won miliyan 170 ya sa masa a Koriya ta Kudu, wato sama da dala 150,000.

Me ya kawo tsadar? Allon 4K yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, jimilla sama da miliyan 8. Kowane ɗigo yana buƙatar fitila uku, ja da kore da shuɗi, kusan fitilu miliyan 25 ke nan, ƙanana ƙwarai, waɗanda ake ƙerawa daban sannan inji ya kwaso su ya dasa kowace a gurbinta. Ko da ɗaya ce tak ke lalacewa cikin dubu goma, za a tashi da matattu wajen 2,500 a allo guda, kuma sai an bi su an canza. Abin mamaki, ƙaramin allo ya fi wuya, don sai fitilun sun ƙara ƙanƙancewa. Shi ya sa manya-manya kawai kake gani a bidiyo.

Wani zai ce ai OLED ma da tsada ya fara. Gaskiya ne. Na farko da Sony ya sayar a Japan a 2007 inci 11 ne kacal, a kan yen 200,000. A 2013 mai inci 55 na LG ya kai kusan dala 15,000 a Amurka, yau ana samun irinsa ƙasa da dala 1,500. To amma dubi shekarun da aka ɗauka. Kuma ba kowace fasaha ke kai labari ba: Canon da Toshiba sun yi ta tallar wani allo mai suna SED, bai taɓa shiga kanti ba har aka watsar da shi a 2010. Ni dai a ganina MicroLED zai daɗe yana zaman kayan attajirai da manyan ɗakunan taro. Ga kuma dala: tun da aka saki naira a Yunin 2023, sauƙin farashi a waje ba lallai ya iso kasuwarmu ba.

Ga gidan kallo, nemi Mini-LED. Ka kula, sunan ya yi kama amma ba ɗaya ba ne. Shi LCD ne da aka cika bayansa da ƙananan fitilu, aka raba su shiyya-shiyya, kowace shiyya tana ƙara haske ko ragewa daidai da hoto. TCL ya fito da shi a 2019, yanzu Hisense da Samsung da LG duk suna yi. Haskensa ya isa rumfar da rana ke leƙowa. OLED ban ba ka shawara ba, domin tambarin tasha da akwatin ƙidayar ƙwallaye da ke zama wuri guda awa da awanni suna iya barin tabo a allonsa.

Tambaya: Malam, mai shago ya ce min QLED da OLED duk ɗaya ne. Haka ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: A'a Hajiya. QLED suna ne da Samsung ya fara yayatawa a 2017, kuma LCD ne da aka sa wa shimfiɗar wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙara wa kala armashi. Yana da kyau, ya fi OLED araha, amma da fitilar baya yake aiki. Ki ce ya kunna miki hoton dare ya rage hasken shago: idan baƙin ya yi toka-toka, ba OLED ba ne. In da sola kike amfani, juya bayansa ki karanta wat nawa yake ci kafin ki biya, kuma ki haɗa da sitabilaiza saboda wutar NEPA.