Tambaya da Amsa: Madubin Hangen Nesa Mai Auna Nisa da Leza

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga madubin hangen nesa mai ido biyu wanda ke auna nisa da hasken leza, irin wanda sojoji, mafarauta da 'yan gasar harbin nesa ke ratayawa a wuya. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. Na ga wani madubi an rubuta 5000 a jikinsa, mai sayarwa ya ce min yana auna kilomita biyar. Gaskiya ne? Kuma ta yaya yake sanin nisan? (Mai karatu daga Kaduna)

Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da yadda yake aiki. Idan ka danna maɓalli, madubin yana harba ɗan hasken da ido ba ya gani, hasken ya bugi abin da ka saita ya dawo, wani agogo a ciki ya ƙirga lokacin tafiya da dawowa. Haske na gudun kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, don haka zuwa mita 1,000 da dawowa bai kai kashi bakwai cikin miliyan na sakan ba. Abin da ke dawowa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, shi ya sa na'urar ke harba hasken sau da yawa a dannawa guda, ta tara sakamakon, sannan ta nuna maka lamba.

Batun 5000 kuwa, mai sayarwar bai faɗa maka duka ba. Na farko, kamfanonin da ke sayarwa a Amurka da yadi suke lissafi, kuma yadi ɗaya mita 0.9144 ne, wato yadi 5,000 mita 4,572 ke nan. Na biyu, wannan lamba ta abu mai faɗi ce mai mayar da haske sosai, kamar allon hanya ko farin bango. Ɗauki Vortex Fury HD 5000: kamfanin da kansa ya rubuta yadi 5,000 a kan abu mai ƙyalli, amma yadi 1,600 kacal a kan barewa. Gashin dabba, baƙin tufa da jiƙaƙƙen ganye suna shanye hasken. Rana tsaka ma tana rage nisan, domin hasken rana yana cika idon na'urar ya danne ɗan abin da ya dawo. Shawararmu ita ce ka nemi madubin da lambarsa ta ninka nisan da kake buƙata sau biyu ko uku.

Nakan saita abu guda, in danna sau uku, in samu 640, 655, sai kuma 810. Madubin ne ya lalace? (Ma'aikacin gandun daji daga Bauchi)

Da wuya a ce ya lalace, ɗan'uwa. Mutane suna ɗaukar hasken leza kamar tsinken allura, alhali yana buɗewa yayin da yake tafiya, kamar hasken tocila. Ana auna wannan buɗewa da miliradiyan, wanda ake taƙaitawa da mil (ba mil na nisan hanya ba). Mil ɗaya na nufin faɗin mita ɗaya a nisan mita 1,000. Idan takardar madubinka ta ce 1.5 × 0.5, to a mita 800 hasken ya zama tabarma mai tsawon mita 1.2 da faɗin santimita 40. Abin da ka saita in bai cika wannan tabarma ba, wani sashen hasken zai bugi ciyawar da ke gabansa, wani ya wuce ya bugi bishiyar da ke bayansa. Ga 640 ɗinka, ga 810. Wannan lamba ta buɗewar haske ita ya kamata mai saye ya fara dubawa, amma sau da yawa can ƙasan takarda ake ɓoye ta.

Abu na biyu rawar hannu. Ba mai riƙe madubi da hannu ya tsaya cak a kan ƙaramin abu a mita 700. Ka ɗora shi a mazauni mai ƙafa uku, ko a kan buhun yashi, ko ka jingina gwiwar hannu a kan dutse. Ka danna maɓallin a hankali, domin dannawar kanta tana sunkuyar da madubin.

Na uku, wanda kaɗan ne suka sani: da'irar da kake gani a ciki ba lallai ta dace daidai da inda hasken ke sauka ba. Ga yadda ake gwadawa. Ka nemi falwayar lantarki mai nisan mita 200 zuwa 300 wadda babu komai a bayanta sai sararin sama. Ka kafa madubin a mazauni, ka sa da'irar a hagu da falwayar, ka danna. Ba zai ba da lamba ba. Ka riƙa matsawa dama kaɗan-kaɗan kana dannawa har lamba ta fito, ka lura da inda falwayar take a cikin da'irar. Ka maimaita daga dama, sannan ka yi haka daga sama da ƙasa a kan wayar da ke gicciye. Za ka iya tarar da cewa hasken ya fi karkata ga ƙasan da'irar ko gefe guda. Daga ranar sai ka riƙa saitawa da wannan wurin. In hasken ya fita daga da'irar gaba ɗaya, wannan aikin kamfani ne, kada ka bari mai gyaran agogo ya kwance shi.

Sai ka duba tsarin da ka zaɓa. Yawancinsu suna da zaɓin abu na kusa da zaɓin abu na nesa. Dabba a fili, bishiyoyi a bayanta: na kusa. Dabba a bayan rassa ko doguwar ciyawa: na nesa.

Me ya sa na sojoji ya fi na farar hula tsada nesa ba kusa ba, alhali kamanninsu ɗaya? (Ɗalibi daga Zariya)

Kamannin ne kawai ɗaya. Babban bambanci yana cikin irin hasken. Na farar hula, irin su Leica Geovid, wanda ya fara fitowa a 1992, da Swarovski EL Range da Zeiss Victory RF, suna amfani da haske mai tsawon zango wajen nanomita 905 (ma'aunin da ake bambanta irin haske da shi), wanda kayan haɗa shi suke da sauƙin kuɗi. Amma wannan haske yana ratsa ido har ya kai ga tantanin gani na can ciki, don haka dole a taƙaita ƙarfinsa. Kuma mai sanye da tabaran ganin dare yana iya hango walƙiyarsa, abin da soja ba ya so ko kaɗan.

Na sojoji sukan yi amfani da nanomita 1550. Ruwan da ke gaban ido yana shanye wannan haske kafin ya isa ciki, saboda haka ana iya ƙara masa ƙarfi ba tare da ya fita daga rukunin da ba ya cutar da ido ba, kuma tabaran ganin dare na yau da kullum ba sa ganinsa. Sai dai idon na'urar da ke karɓar irin wannan haske yana da tsada. Sanannen misali shi ne Vector 21 na kamfanin Vectronix da ke Heerbrugg a Suwizalan, wanda yanzu yake ƙarƙashin Safran na Faransa: 7x42 ne (yana ƙara girman abu sau 7, faɗin gilashinsa na gaba milimita 42), yana kaiwa har kilomita 12.

Ban da nisa, akwai kamfas na lantarki da ma'aunin karkata a ciki. Idan aka haɗa shi da GPS, sai ya fitar da matsayin abin da aka auna a kan taswira. A nan ma ake yawan yin kuskure. Ƙarfen mota, bindiga, rediyo, har wayar lantarki suna jan kamfas. Kuskuren digiri ɗaya tak a nisan kilomita biyar yana kauce wa wuri da wajen mita 87. Shi ya sa ake sake daidaita kamfas ɗin bayan sauya batir ko sauya yanki, nesa da ƙarfe, a kuma shigar da bambancin arewar kamfas da arewar taswira na wurin.

Irin waɗannan ba kayan kasuwa ba ne. Ƙasashen da ke ƙera su suna sa ido kan fitar da su, kuma a Najeriya shigo da kayan tsaro yana buƙatar takardar shaidar mai amfani na ƙarshe (EUC) daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Ko na farar hula za ka yi oda, ka fara tambayar hukuma kafin kuɗinka su fita.

Da hunturu madubina ba ya wuce mita 400, wani lokaci ma ya nuna min mita 30 alhali ba komai a gabana. (Mai safiyo daga Damagaram)

Hazo ne, Malam. Ƙurar da ke shawagi tana warwatsa hasken a tafiya, ta sake warwatsa shi a dawowa. Mita 30 ɗin nan ƙurar da ke gabanka ce ta mayar da hasken. Ka koma zaɓin abu na nesa, ka auna abu mafi faɗi da haske kusa da wanda kake so, kamar rufin kwano ko gefen dutse. Da bazara kuma kawalwalniya ce ke sa hoto rawa, gara ka yi awon da sassafe.

Ƙurar nan tana cin gilashi. Kada ka goge shi da bakin riga ko rawani. Ƙwayar yashi za ta karce rufin da ke kansa, kuma ba ya gyaruwa. Ka fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, ka bi da burushi mai laushi, sannan ƙyallen gilashi mai tsabta. Kada ka bar shi a gaban mota cikin rana. Yawancinsu batir CR2 mai bolt 3 suke ci, ba kowane kanti ke da shi ba, ka riƙe na ajiya, kuma ka cire na ciki in za ka ajiye madubin wata da watanni.

Ina gasar harbin nesa. Kuskuren mita 20 ko 25 yana da wani tasiri? Kuma 8x42 ko 10x42 zan saya? (Mai karatu mazaunin Amurka)

A mita 200 ba zai dame ka ba. A mita 800 da harsashin .308 Winchester, wanda a lokacin ya rage gudu yana gangarowa da sauri, kuskuren mita 25 yana iya sauya inda zai sauka da wajen santimita 40, wato ka kuskure farantin da ake harbi a gasar gaba ɗaya. Ka kuma lura da tudu da gangare: nauyi yana jan harsashi ne gwargwadon nisan kwance. Faranti mai nisan mita 500 a karkatar digiri 30 daidai yake da kimanin mita 433 a kwance. Ka tabbatar wace lamba madubin ke nuna maka. In ya riga ya gyara karkatar, kai kuma ka shigar da ita cikin na'urar lissafin harbi ta Kestrel ko manhajar Applied Ballistics ta sake gyarawa, ka gyara sau biyu ke nan, harsashin zai faɗi ƙasa.

Game da girma, raba 42 da 10 ka samu 4.2, raba da 8 ka samu 5.25. Wannan shi ne faɗin hasken da ke shiga idonka a milimita. Na 8 ya fi haske da magariba, ya fi faɗin fili, bai cika rawa a hannu ba. Tunda a gasa kan mazauni za ka ɗora shi kuma ƙananan farantai kake nema, ɗauki 10x42. Ranar da ya iso, ka daidaita zoben idon da lambobi ke fitowa har jan rubutun ya fito tar, sannan ka daidaita ɗaya idon da hoton.