Me ya sa masu aikin jirgin kwal suka fi tsoron ƙarancin ruwa a kan wuta?

Tambaya: Kakana ya yi aikin iza wuta a jirgin ƙasa tsakanin Zariya da Kano. Yakan ce wutar ba ta taɓa ba shi tsoro ba, ruwa ne abin tsoro. Har ya rasu ban gane nufinsa ba. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Allah ya jiƙan kakanka, Malam. Maganar wanda ya san aikinsa ya faɗa maka.

Kan jirgin kwal wata doguwar tukunya ce kwance bisa ƙafafun ƙarfe. Murhu yana can baya wajen direba, zafinsa na ratsa ruwan ta cikin bututu, tururin da ya taru ya tura fistin, wato ƙarfen da ke kai-da-komo, ƙafafu su juya. Richard Trevithick ne ya fara ɗora irin wannan inji a kan dogo a Wales a 1804, ya ja tan 10 na ƙarfe. Sai a 1829 aka samu fasalin da kusan kowa ya bi, lokacin da Robert Stephenson ya ƙera wani kan jirgi mai suna Rocket da ƙananan bututu 25 na jan ƙarfe, don wuta ta taɓa ruwa ta wurare da yawa. Jikokin wannan fasali ne suka iso Kano a 1911, daga baya suka riƙa cin kwal ɗin Inugu.

To ga inda maganar kakanka take. Rufin murhun yana nutse ne cikin ruwan tukunyar, kuma ruwan ne ke hana shi narkewa. Ka ga butar shayi da aka manta a kan garwashi har ta ƙafe? Haka rufin ke yi da zarar ruwa ya sauka ya bar shi a fili: ya yi ja, ya yi laushi, ƙarfin tururi ya danna shi ya yage. Nan take wani kaso na ruwan da ya rage ya zama tururi a lokaci guda, alhali ruwa kan kumbura fiye da sau 1,600 idan ya koma tururi. Wanda ke tsaye a bakin murhu ba ya samun ko damar salati.

Shi ya sa idon mai iza wuta ba ya barin wani ɗan siririn gilashi da ke nuna tsayin ruwa. Gilashin ma yakan ruɗi mutum. Jirgi na hawan tudu ruwa ya taru baya, ka ga kamar ya wadata, yana fara gangara sai ya kwarara gaba ya bar rufin tsirara. Maƙera sun ƙara wata dabara, suka dasa toshiyar darma a rufin. Idan ruwa ya yi ƙasa sai darmar ta narke, tururi ya feso cikin murhu da ƙara, ma'aikata su yi maza su kashe wutar.

Akwai kuma bawul mai sakin tururi idan ya yi yawa, kuma tarihinsa na taɓa mini zuciya. Na farko-farko ana iya ɗaure shi. A 1828 tukunyar wani kan jirgi mai suna Locomotion ta fashe a Ingila bayan an ɗaure bawul ɗinta, ta kashe direbanta, John Cree. A 1831, a Charleston ta Amurka, ƙarar bawul ta dami mai iza wutar wani jirgi, ya danne shi, tukunya ta tashi, ya rasa ransa. Ni ban cika ɗora wa irin waɗannan bayin Allah laifi ba. An damƙa musu sabon abu ba tare da cikakken horo ba, suna tsaye a fili babu rumfa, ruwan sama da tartsatsi na dukansu. Gyaran gaske ya zo ne a 1856, da John Ramsbottom ya ƙera bawul ɗin da ma'aikaci zai iya taɓawa ya rage tururi, amma ba shi da ikon hana shi fita.