Tambaya da Amsa: Shin Mulkin Allah Yana Girma a Wurinmu?

Tambaya: Baba Fasto, ni dattijo ne a wata ƙaramar ikilisiya a ƙauyen Zuru. Shekara biyar ke nan ba mu wuce mutum arba'in ba, alhali ana koya mana cewa Mulkin Allah kamar ƙwayar mastad yake. Ko namu ne ya ƙi tsirowa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara raba abu biyu. Mulkin Allah sarautar Allah ce a kan zukata da rayuwar mutane. Yawan masu zama a benci ran Lahadi alama ce guda kawai, wani lokaci ma tana ruɗi. A Romawa 14:17 an auna Mulkin da adalci da salama da farin ciki cikin Ruhu Mai Tsarki.

Ƙwayar mastad ba ta kai ƙwayar gero ba, amma a ƙasar Galili shukar kan yi tsawon mita biyu zuwa uku. Sai dai misalin da ya fi dacewa da kai yana Markus 4:26-29. Manomi ya shuka, ya yi barci, ya tashi, iri ya tsiro bai san yadda aka yi ba: tsiro tukuna, sai zangarniya, sannan ƙwaya. Mai noman dawa ya san ba a jan kara da hannu don ya yi tsawo. Naka shi ne shuka da noma, girman na Allah ne.

To, ka binciki gonar da misalin mai shuka da Yesu ya bayar, inda wani iri ya faɗi a hanya, wani kan dutse, wani cikin ƙaya. Wanda ya ji wa'azi bai gane ba, shi ne irin da ya faɗi a hanya. Sau da yawa harshe ne matsalar, a yi huɗuba da Hausa mai wuya ga tsohuwar da Dakarkanci ta fi ji. A samo mai fassara. Wanda aka yi wa baftisma ya ɓace bayan wata uku, shi ne na kan dutse, ba saiwa. Ku haɗa kowane sabon mai bi da wani balagagge guda, su riƙa karanta Markus sura ɗaya a mako. Surori 16 ne, wata huɗu sun gama. Na cikin ƙaya kuwa, bashi da damuwar abinci ke shaƙe shi a ɓoye, kamar yadda ƙuduji ke tsotse dawa ta ƙarƙashin ƙasa kafin a ga furensa. Irin wannan mutum, ziyara yake bukata a gida, har da mudun hatsi in da hali.

Ka kuma ƙirga matasan da suka tafi karatu ko ci-rani Birnin Kebbi da Kontagora. In suna tsaye cikin bangaskiya a can, amfanin gonarku ne.

Tambaya: Ina cikin zumuntar mata a Yawuri. Mulkin Sama da Mulkin Allah daban ne?

Amsa: Mama, abu ɗaya ne. Matiyu ne ke yawan cewa Mulkin Sama, don Yahudawa na kaffa-kaffa da ambaton sunan Allah. Duba Matiyu 19:23-24, ya yi amfani da duka biyun a jere kan magana guda.

Tambaya: Akwai waɗanda halinsu ke ɓata sunan ikilisiyarmu. Mu kore su?

Amsa: Kada ku yi garaje. A Matiyu 13:24-30 mai gona ya hana bayinsa tumɓuke ciyawar da ke kama da alkama, don saiwarsu ta sarƙe. Mai gero ya san haka da shibra, sai ta fid da kai ake gane ta. Hukuncin ƙarshe ba naku ba ne.

Laifin da ya fito fili kuwa yana da tsarinsa a Matiyu 18:15-17. Ka same shi kai kaɗai. In ya ƙi ji, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sai a kai gaban ikilisiya. Inda ake kuskure shi ne a tsallake na farko a sanar da sunan mutum a bagade. Ya ji kunya ya tafi, matarsa da 'ya'yansa su bi shi.