Me ya sa setTimeout ɗina ke makara?

Tambaya: Na sa setTimeout (agogon da ke kiran aiki bayan wani lokaci) na milisakan 10 a Node.js, manhajar da ke gudanar da JavaScript, amma sai bayan daƙiƙa biyu ya tashi. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, agogon lafiyarsa ƙalau, zagayen jiran aukuwa (event loop) ne ya maƙale. Zare (thread) guda ke tafiyar da shi, wato layin aiki ɗaya. Kowane zagaye yana duba agogunan da lokacinsu ya cika, sannan ya kira epoll_wait a Linux, ko kqueue a macOS (hanyoyin jiran aukuwa na waɗannan tsarukan), ya kwanta har soket (mahaɗin sadarwa) ya sami bayani ko lokacin agogo mafi kusa ya yi. Da ya farka sai ya kira masu kula da aukuwar (callbacks, ayyukan da ka rubuta don amsa ta) ɗaya bayan ɗaya, ba ya katse kowa.

Milisakan 10 ɗin nan mafi ƙarancin jira ne, ba alkawari ba. Idan mai kula guda ya tsunduma lissafi mai nauyi ko readFileSync, mai riƙe zaren har ya gama karanta fayil, kowa sai ya bi layi, har da agogonka.

Karanta fayil da fs.promises.readFile, libuv, ɓangaren Node.js mai tafiyar da zagayen, zai miƙa shi ga zaruruwansa huɗu. Lissafi kuwa kai shi worker_threads, wato zaruruwa na daban, ko ka gutsuttsura shi da setImmediate, zagayen ya riƙa wucewa tsakanin gutsure da gutsure.