Me ya sa ma'aikatan gwamnati ke ɗari-ɗari da inshorar lafiya?

Tambaya: Ni malamin sakandare ne a ƙarƙashin gwamnatin jiha. An sanar da mu cewa za a fara cire wani kaso daga albashinmu domin inshorar lafiya, amma yawancin abokan aikina sun ce asarar kuɗi ce kawai. Shin mu kaɗai ne ke wannan ɗari-ɗari, kuma akwai dalilin da zai sa in amince?

Amsa: Malam, ba ku kaɗai ba ne. A Habasha an kafa dokar inshorar lafiyar ma'aikata tun 2010, wadda ta tanadi cire kashi 3 cikin 100 na albashi, amma aka yi ta ɗage fara aiki da ita shekara da shekaru, kuma turjiyar ma'aikatan gwamnati tana cikin manyan dalilai. A Ghana, lokacin da aka yi dokar inshorar lafiya ta 2003, ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙi amincewa a taɓa kashi 2.5 na gudummawar fanshonsu, kuma tsarin da aka tsaya a kai ya ɗauke musu kuɗin shekara-shekara da sauran jama'a ke biya. A Najeriya kuwa an yi dokar NHIS, wato shirin inshorar lafiya na ƙasa, a 1999, aka fara shirin ma'aikatan tarayya a 2005 bisa tsarin gwamnati ta zuba kashi 10 na ainihin albashi, ma'aikaci ya ba da kashi 5, sai ƙungiyoyin ƙwadago suka tirje, aka daɗe gwamnati ce kaɗai ke biya.

A ganina kuskure ne babba a ɗora wannan turjiya a kan rashin wayewa, kamar yadda wasu jami'ai ke yi. Ma'aikaci mutum ne mai lissafi, kuma ya san cewa yankan albashi ba ya fashi ko da wata guda, alhali maganin da aka yi masa alkawari ba shi da tabbas. Ya ga ana cire masa kashi 2.5 na asusun gidaje, da yawa daga cikin magabatansa kuma sun yi ritaya ba su taɓa samun rancen gida ba. Idan ya kai ɗansa asibiti da katin inshora, sau da yawa likita zai rubuta magunguna huɗu, a tagar karɓar magani a miƙo masa farasitamol, a zagaye sauran ukun da biro a ce babu, ya fita kemis ya saya da kuɗinsa. Idan kuma aiki ne babba, sai a ce ya jira lambar izini daga kamfanin HMO da ke tsakaninsa da asibitin, majinyaci yana kwance ana ta bugun waya.

Wannan "babu" tana da tushe. Asibiti yana karɓar ƙayyadadden kuɗi ne duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, kuma a shirin tarayya kuɗin ya tsaya a naira 750 fiye da shekara goma kafin a ƙara shi a 2024, farashin magani yana ta hawa. Asibitin da ake biya haka, wani lokaci ma a makare, dole ya fifita mai kuɗi a hannu.

Akwai kuma abin da ya shafi gidajenmu kai tsaye: shirin tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, don haka mai mata biyu da 'ya'ya tara sai ya biya ƙari kafin a saka sauran. Wasu kuma suna da shakku ta fuskar addini, abin da ya sa jihohi irin su Kano suka gina nasu shirin a kan taimakekeniya.

Duk da haka, shawarata ita ce ka shiga. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa, kuma tiyatar haihuwa guda ɗaya tana iya cinye albashin malami na watanni, ta jefa shi cikin bashi. Wanda ke cikin shirin tarayya kashi 10 kawai yake biya na kuɗin magani idan an samu maganin. Bugu da ƙari, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, saboda haka ƙarfin da kuke da shi yanzu yana wajen tsara sharuɗɗa.

Ta hannun ƙungiyarku ta malamai, ku nemi a fayyace muku a rubuce ko daga ainihin albashi za a cire kason ko daga jimillarsa, domin bambancin ba kaɗan ba ne. Ku tambayi nawa gwamnatin jiha za ta zuba, ku kuma dage a riƙa nuna muku shaidar cewa ta zuba, domin a nan ne shirye-shirye da yawa ke durƙushewa. Ku karɓi jerin cututtuka da magungunan da shirin ya ƙunsa, da ƙa'idar sauya asibiti idan wanda kuka zaɓa ya gaza. Duk ranar da aka ce maka babu magani, ka ajiye takardar likita da rasidin kemis, ka kai ƙorafi a rubuce ofishin hukumar da ke kula da shirin a jiharku.