Yadda za ka sa karatun Alƙur'ani a kwamfuta ya riƙa tashi da kansa idan an dawo da wuta

Tambaya: Malam, ina da shagon littattafai, na ajiye tsohuwar kwamfuta mai Debian (wani nau'in Linux) tana kunna karatun Alƙur'ani a lasifika. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai na je na sa lambar sirri na kunna da hannu. Yaya zan yi ta riƙa kunnawa da kanta?

Amsa: Allah ya sa albarka a kasuwa. Manhajar da za ta yi maka wannan aiki ita ce MPD. Ba ta da taga ko maɓalli, a bayan fage take zaune tana kunna sauti. Sa ta da "sudo apt install mpd mpc", ka zuba karatun a /var/lib/mpd/music, sannan ka rubuta "sudo systemctl enable --now mpd". Tun Debian 8 na 2015 systemd, manhajar da ke kula da tashin na'ura, ita ce ke tayar da irin waɗannan ayyuka, saboda haka da na'ura ta tashi, MPD ta tashi.

Inda mutane ke shan wahala shi ne nan: a duba a ga komai na aiki, amma lasifika shiru. Dalili kuwa, PulseAudio da PipeWire, manhajojin da ke kai sauti ga lasifika, suna jiran mutum ya shiga asusunsa ne kafin su farka, ita kuma MPD ta riga kowa tashi. Ni shawarata, ka kauce musu gaba ɗaya. Buɗe /etc/mpd.conf ka mayar da fitar sautin kan ALSA, tushen tsarin sauti na Linux, kai tsaye. Umarnin "aplay -l" zai nuna maka katunan sauti. Don Allah ka rubuta sunan katin, kar ka dogara da lambarsa, musamman in na USB ne, don wanda yake 1 yau yana iya zama 2 gobe.

Sai ka yi "mpc update", "mpc add /", "mpc repeat on", da "mpc play" (da mpc ake ba MPD umarni). MPD tana rubuta inda ta tsaya duk bayan minti 2, don haka ko wuta ta yanke ana tsakiyar Suratul Kahfi, kusan daga nan za ta ɗora.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa. Kwamfutar tebur ba ta kunna kanta sai ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna na'ura, ka zaɓi ta tashi idan wuta ta dawo.  Ka gwada: zare filogi, ka mayar, ka tsaya ka saurara. In ka ji shiru, "journalctl -u mpd" zai nuna maka inda abin ya maƙale.