Amsa ga mai rubuta labarin zamanin bayi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kina rubuta labarin yaƙi da bauta da soyayya a Katsina ta da, amma mutanen ciki sun ƙi yin rai, sai ka ce 'yan tsana. Ni ma na sha wannan wahalar wallahi.

Shekarun baya na rubuta labarin wata baiwa da mahara suka kama a gona, na sa mata baki irin na 'yan jami'a, kullum tana yi ma ubangidanta lacca kan 'yanci. Da na karanta ma kakata, Allah ya jiƙanta, dariya ta yi har da hawaye, ta ce wannan ai ko kwana ba za ta yi ba an kai ta kasuwa. Ashe kan mutanen yau na ɗauka na ɗora ma na da.

Ki tambayi kanki mi ke hana baiwar nan barci. Ko danginta za su iya tara kuɗin fansa, ko cikin gida za a bar ta ko rinji, wato ƙauyen bayi na gona, za a tura ta noma. Kuma ta san in ubangida ya maida ta ƙwarƙwara ta haihu, ba a sake sayar da ita, ɗanta ɗa ne ba bawa ba, ranar da maigidan ya mutu ta 'yantu. To nan soyayyar ke yin ɗaci, ga wani bawa da take so yana biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidanshi don ya bar shi ya yi aikin kanshi, yana tara kuɗin fansar kanshi da kyar, ga kuma ɗakin ubangida da ya fi kusa. Ki bar ta ta yi lissafi, ta yi ƙarya, ta ci amanar wata kuyanga in ta kama. Shi ma ubangidan kar ki mai da shi dodo, ki bar shi yana sallah yana sadaka yana wasa da jikokinshi, kuma ko kaɗan bai ganin laifin abin da yake yi, ni wannan ya fi ba ni tsoro.

Batun yaƙi kuwa, bayan Ummarun Dallaje, jagoran jihadin Shehu Ɗanfodiyo a yankin, ya karɓi Katsina wajen 1807 sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi, aka yi shekaru ana kai ma juna hari, kin ga jaruminki zai iya samun ɗan uwanshi a ɗaya ɓangaren. Zuwan Turawa a 1903 ma bai kashe bauta rana ɗaya ba, sai 1936 doka ta haramta ta gaba ɗaya.

Ki kula da ƙananan abubuwa don Allah. Kuɗinsu wuri ne, ba fam ba sule. Ni dai sai da na sa jarumina karyawa da shayi da biredi kafin ya hau doki, har yau ƙawata ba ta daina tsokanata ba.